Baba Isuhu Dorbale da danginsa na ƙasar ƙanƙara

Shekara uku ke nan cur da muka sauko da Baba Isuhu Dorbale daga benensa na Ard al-Liwa muka kai shi makwancinsa a bayan birnin Alƙahira. Duk wanda ya yi karatu a Masar a waɗancan shekarun, ko ya kawo marar lafiya asibiti har ya gaji da wake da burodi, ya san ɗakin abincinsa da ke saman shagon mai gyaran tuk-tuk, wato a-daidaita-sahu. Ni shekara tara na yi ina cin tuwonsa, tun ina ɗalibi har na ajiye littafi na koma tafinta ga mutanenmu masu zuwa neman magani. Saboda haka idan na yi masa tsiya a wannan shafi, kada mai karatu ya ga rashin kunyata. Da ransa ma na sha yi masa, yana ramawa, kuma yawanci ni ke kwana a ciki.

Abin da baƙo ke fara tambaya shi ne sunan. Baba Ba'adare ne haifaffen Tawa, baƙi wuluk, amma fasfonsa na ɗauke da sunan gida irin na Faransawa, Dorvelet, wanda bakin Hausa ya lanƙwasa ya koma Dorbale. Asalin abin ba na dariya ba ne. Mahaifinsa tsintar sa aka yi a bakin hanya a wata shekarar yunwa, yana ɗan tatsitsi, ba wanda ya san uwarsa ko ubansa. A bariki ya tashi, ya zama kukun wani kumandan mai wannan suna, ya yi masa girki shekara ashirin da biyu, har gari ya koma kiransa Mamman na Dorbale, kamar yadda muke cewa Audu na Liman. Ranar da aka zo yi masa takardar shaida, akawu ya tambayi sunan uba, ba wanda ya sani, sai ya rubuta abin da ya ji ana faɗa. Kumandan ya koma ƙasarsa, ko wasiƙa bai taɓa aikowa ba, suna kuwa ya zauna har ya gangaro kan Baba.

Shi ma Baba girkin ya gada. Ya yi wa Turawa aiki a Yamai, ya yi a Tarabulus, sannan ya shafe shekara talatin a gidajensu na unguwar Ma'adi a nan Alƙahira. Matarsa Rabi a nan ta rasu, kuma Allah bai ba su haihuwa ba. Da ƙafa ta fara gajiya sai ya tattara tukwanensa ya dawo cikin baƙaƙen fata 'yan'uwansa, ya shiga ciyar da mu miyar kuka da wani ladabi da ya koya a wurin Faransawa, wato sai ya goge bakin kwano da tsumma kafin ya ajiye maka.

Ni na jawo rigimar, kuma da wasa na fara. Wata rana ina wani shagon intanet a Wustul Balad, can tsakiyar birni, ina jiran takardun wani marar lafiya, zaman banza ya sa na buga sunan Baba. Sai ga shafi guda da aka jera shahararrun mutanen da ke amsa wannan suna. An raba su gida biyu, na Faransa da na Norway, domin wai tun zamanin da wani sojan Faransa ya haura can ya yi aure ya zauna. Na sa aka buga mini a takarda, na nufi Ard al-Liwa ina ta shirya irin shaƙiyancin da zan yi masa. Da na miƙa masa na ce ga danginsa nan na samo masa, ina jiran ya kai mini duka da ludayi. Sai ya wanke hannu, ya sa tabarau, ya jawo kujera, ya ce in karanta masa da Hausa, a hankali. Da na gama ya ce in sake.

Kafin sati ya zagayo an manne takardar da leda an rataye ta a bango kusa da kalandar sallah, kuma Baba ya riga ya yanke wa kowa hukunci. Sojan da ya haura Norway, wadda shi yake kira Norbej, bai ba shi mamaki ba ko kaɗan. Ci-rani ya tafi bai dawo ba, in ji shi, kuma ko a Adar suna da irinsu da yawa. Akwai wani janar da tarihi ya fi tunawa da shi saboda yaƙin da aka ci shi, wannan Baba ba ya son a ɗaga maganarsa gaban baƙi. Akwai wata mawaƙiya, wadda ya ce gidansu ba maroƙa ba ne amma tunda ta riga ta rasu a rufa mata asiri. Akwai wanda ya ƙare rayuwarsa yana rubutu a kan ƙudan zuma, akwai alƙaliya, akwai matuƙin jirgin ruwa mai farautar kifin da ya fi ɗaki girma. Amma ɗan lelensa shi ne wani tsoho ɗan Norway da a ƙuruciyarsa yake ɗaura katako a ƙafa ya gangaro daga kan dutsen ƙanƙara ya yi tsalle sama, wai har ana ba shi lambar yabo. Da na nuna masa hoton, ya daɗe yana kallo yana kaɗa kai, sannan ya ce tun farko rashin babba a gida ne ya jawo haka.

Tun daga nan na shiga uku. Duk Juma'a sai na duba masa ko akwai labarin gida. Lokacin da aka yi tarzomar da ta kifar da gwamnati aka katse intanet na 'yan kwanaki, kowa na fargabar ransa da fasfonsa, ana kwashe baƙi a jirage, Baba kuwa abin da ya dame shi shi ne dangi za su ga tashin hankali a talabijin su rasa hanyar jin lafiyarsa. Na so in ce masa ba wanda ya san da zamansa, na duba fuskarsa na haɗiye.

Ba a jima ba mai tsallen ƙanƙara ya rasu, yana da shekara casa'in da wani abu. Na kai labarin ina murmushi. Baba ya yi salati, ya sauke tukunya, ya rufe ɗakin abinci, ya hau da tabarmi kan rufin bene ya shimfiɗa, ya aika cikin unguwa cewa an yi masa rasuwa. Kwana uku aka yi ana zaman makoki. Ɗalibai suka yi ta tururuwa, wasu don tausayi, da yawa don shinkafar sadaka, kuma sai mutum ya zauna ya gama jajantawa sannan ya raɗa wa na kusa da shi yana tambayar wa ya rasu. A rana ta biyu Ustaz Nuhu ya iso, wani ɗalibin hadisi ɗan Gombe, mutumin kirki ne amma ba ya iya barin kuskure ya kwana.

"Baba, ittaƙillah," in ji shi. "Mutumin nan ba Musulmi ba ne, ba ka taɓa ganinsa ba, shi kuma bai san an halicce ka ba."

Baba ko gezau. "Ustazu, wa yac ce ka yi mishi addu'a? Ni ban ce ba. Ni anka yi ma rashi, ni za ka yi ma gaisuwa. Yi ka ci shinkahwa, yalla."

Ustaz ya durƙusa ya ce ya haƙuri. Ya kuma ci shinkafar, har da ƙari.

A rana ta uku da la'asar, mutane sun watse muna naɗe tabarmi, na tambaye shi tsakani da Allah me ya kai shi. Ya ce shekara arba'in yana zuwa gaisuwar mutane, daga Shubra har Hilwan babu benen da bai hau ba, amma ban da Rabi bai taɓa zama an yi masa ba. "Ita Rabi ta samu, ni na zamna mata. To ni hwa? Rad da na tahi, in mutane sunka hau benen ga, wa za su ce ma ya haƙuri? Tukunya?" Na yi dariya, shi ma ya yi. Sai da na sauko titi na gane cewa tsohon nan ba mutuwa yake tsoro ba. Tsoronsa a shimfiɗa tabarma a rasa mai zama a kanta.

Nakan yi tunanin abin da zai ce da ya ga yadda muke gaisuwa yau. Cikin shekara ukun nan kowa ya mallaki wayar shafawa, kowane gida ya buɗe zaurensa a ciki, kuma idan aka yi rasuwa sai ka ga mutum hamsin sun aiko da addu'a iri ɗaya da suka kwafo daga juna, wani ma hoton fuska mai hawaye kawai zai jefo ya koma kallon ƙwallo. Na san Baba zai tsine wa abin da safe, da rana ya kira ni in buɗe masa na gidansu, ya naɗa kansa shugaba, ya riƙa tashin alƙaliyar Norway da gaisuwar asuba. Amma ba na jin zai taɓa yarda cewa wanda bai cire takalmi ba ya yi gaisuwa.

Wata takwas bayan wancan zama, Ammu Usman, wani Bahaushen Sudan da ke tuƙa motar wata makarantar 'ya'yan Turawa a Ma'adi, ya hau benen da haki ya ce a makarantarsu akwai sabon malamin lissafi ɗan Norway, kuma sunan da ke kan ƙofar ofishinsa sak wanda ke bangon Baba. Na zaci Baba zai yi rawa. Sai ya sha mur. Ya tambayi shekarun mutumin, aka ce bai wuce arba'in ba. Ya tambayi yaushe ya shigo gari, aka ce tun farkon zangon karatu. Baba ya ce wato yaro ya shigo gari wata da watanni, babban gida na nan zaune, bai zo ya gaishe shi ba. Nan take ya laƙaba masa suna Auta, ya ba Ammu Usman saƙo cewa a gaya wa Auta ana neman sa. Ya sayi sabbin kofuna, ya sa aka yi wa matakala shara. Sati shida ana jira. Daga baya Ammu Usman ya faɗa mini bai taɓa isar da saƙon ba, domin duk lokacin da ya tsaya gaban Baturen sai ya rasa ta inda zai faro. Muka ba Baba shawara ya je da kansa, ya yi ƙememe ya ce babba ba ya bin yaro.

Abin da ya karya wannan taurin kai ni ne sanadinsa, kuma shi ne ɓangaren da ba na jin daɗin rubutawa. Ƙafafun Baba suka fara kumbura, numfashi na yi masa wuya a matakala, na raka shi asibiti. Likita ya ce zuciya ce, kuma ta yi nisa. A wajen cike takarda ma'aikaciyar ta tambayi sunan dangi mafi kusa. Baba ya juyo ya dube ni. Ni kuwa a sana'ata na san abin da wannan layin ke jawowa idan ta Allah ta kasance, wato zirga-zirgar ofisoshi da tambayoyin hukuma, ga takardar zamana a lokacin ba ta da ƙwari. Sai na duƙar da kai na shiga latsa waya kamar an aiko mini da saƙon gaggawa. Baba ya gaya wa matar ta bar wurin haka nan. Muna fitowa ya ce in shirya, ranar Asabar za mu Ma'adi.

Ya sha babbar riga fara da hula, ya ɗauko ƙaramar tukunya a naɗe da zane. Abin da ke ciki shi yake kira abincin gida, naman sa ne da ake dafawa rabin yini da albasa da karas. Kumandan da giya yake so a dafa masa, mahaifin Baba kuwa ya musanya da ruwan zoɓo, kuma shekara ashirin da biyu Bature bai gane ba. Haka muka shiga jirgin ƙasa na metro, ƙamshi ya cika tarago, Misirawa na ta leƙen zanen suna cewa ya Hajji, mene ne wannan.

Auta, wanda sunansa na yanka Henrik, ya buɗe ƙofa da gajeren wando. Dogo ne har sai ya sunkuya a ƙofar gidansa. Baba ya dube shi daga sama har ƙasa, ya wuce ciki ba a ce ya shigo ba, ya zauna a kujera mafi girma, ya ajiye fasfonsa a kan tebur a buɗe, sannan ya shiga faɗa, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Ni ke fassara, kuma na yi abin da kowane tafinta mai son zaman lafiya ke yi. Baba ya ce yaron ba shi da tarbiyya, na ce wa Bature dattijon nan na farin cikin ganinsa. Baba ya ce ko can Norbej ɗin haka ake yi wa manya, na ce yana tambayar lafiyar mutanen gida. Aka zuba nama, sai ga shi Auta ba ya cin nama sam, ya shiga tsintar karas yana kauce wa tsoka. Baba kuwa sai fuskarsa ta saki, ya raɗa mini cewa ashe yaron yana da kunya, ba ya iya cin nama gaban babba, lallai ɗan gida ne.

Da Auta ya ga sunan a fasfo, murna ta kama shi, ya shiga ɗaki ya fito da wata doguwar takarda da aka zana asalin gidansu kaf, reshe bisa reshe. Ya saurari tarihin kumandan da kyau, ya bi rassan da yatsa, sannan ya ɗago ya faɗi gaskiya yadda mutanensu ke faɗinta, ba gishiri ba mai. Ya ce ya yi baƙin ciki, amma babu jini tsakaninsa da Baba, kai ko kumandan ɗin ma nesa yake da su ƙwarai. Na juya na ce wa Baba wai ya ce kana ciki, can wajen ƙasa-ƙasa. Na manta cewa mutumin da ya yi shekara talatin a kicin ɗin Turawa ba a yi masa ƙarya a kan abin da aka faɗa da Turanci.

"Ba haka yac ce ba," in ji Baba. "Bar gyara muna magana, ɗiyana. Hwaɗa mishi na sani, ina da madubi a ɗakina. Hwaɗa mishi ubana ya ciyar da mutumin gidansu shekara ashirin da biyu bai taɓa ɓata mishi ciki ba. Sunan ga ba sata munka yi ba, hukuma ta rubuta. Na riƙe shi shekara saba'in, ban taɓa kai shi gaban ɗan sanda ba. Ban zo neman biza ba, ban zo neman kuɗi ba. Abu guda nika so. In na mutu, shi zo shi zamna kwana uku a yi mishi gaisuwa."

Wannan karon na fassara kalma da kalma. Auta ya miƙa hannu ya ɗauko ɗan littafin da yake rubuta alƙawuransa na mako, ya buɗe, ya cire murfin biro, ya tambaya da iyakar gaskiyarsa, "Yaushe?"

Na rasa inda zan sa kaina. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce a gaya masa ba a ba shi rana ba tukuna. Kunnuwan Auta suka yi ja, ya ba da haƙuri, amma bai janye ba. Ya ce aikinsa zai ƙare a ƙarshen watan Yuni ya koma gida. Idan abin ya faru kafin nan zai zo ya zauna kwana ukun cif. Idan bayan nan ne ba zai yi alƙawari ba, domin ba ya alƙawarin abin da bai tabbata zai cika ba. Ni a raina na ce wannan wane irin mutum ne, ko don daɗin baki ai ka ce in sha Allahu. Baba kuwa ya gyaɗa kai ya ce, "Tamam. Zan yi ƙoƙari."

Daga ranar Auta ya zama ɗan Ard al-Liwa na ranar Juma'a. Yakan zo da dogon wando bisa umarni, ya sunkuyo ta ƙofa, a zuba masa ɗanwake, sannan a hau rufin bene a yi darasi. Ban taɓa jin wanda ya shirya gwajin zaman makokinsa da kansa ba sai Baba. Yakan zauna a kujera da sanda, Auta na kan tabarma yana fama da ƙafafun da ba su san lanƙwasa ba, mu kuma a jere muna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Mu ce ya haƙuri, ya ce da godiya. Mu ce Allah ya jiƙan Baba, ya ce amin, Allah ya ba da lada. Idan ya yi murmushi Baba ya buga sanda ya ce ba biki ba ne. Idan ya miƙe don ya gaisa da baƙo a ce masa mai makoki ba ya tashi. Ustaz Nuhu da kansa ya ɗauki nauyin gyara masa lafazi, bayan ya yi bincike ya gamsu cewa zama a tabarma ba ibada ba ce. Wata rana Baba ya ce gaisuwar tawa ba ta da nauyi, in fita in sake shigowa, ga shi zaune yana kallona da ransa.

Lokaci na Allah ne, ba na Baba ba, ba na littafin Auta ba. Amma a farkon watan Mayu, ranar wata Talata da hantsi, Baba yana zaune yana yankan albasa, ya jingina da bango, shi ke nan. Saura sati bakwai wa'adin ya cika, kuma har yau idan mun haɗu sai wani ya ce tsohon bai taɓa makara da abinci ba.

Auta ya jira a ƙofar masallaci aka yi sallah, ya bi mu maƙabarta, muka dawo ya cire takalmi ya hau tabarma. Ya ɗauki hutun kwana uku a makaranta, kuma a takardar neman hutun ya rubuta cewa an yi masa rasuwa a dangi. Ƙarfe takwas na safe yake zama, ba ya tashi sai magariba. Unguwa ta ɗauka. Hausawa da 'yan Sudan da Misirawan layin suka yi ta hawa, har da waɗanda kallo ya kawo su, kowa ya durƙusa gaban wannan jan mutum mai tsawon ƙofa ya ce ya haƙuri, shi kuma ya ce da godiya, bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Mai gyaran tuk-tuk ya tambaye ni ko ɗan Baba ne na wata matar, na ce masa labarin na da tsawo.

Ni ina ta kai da kawo da butoci da kofuna, ina gudun tabarmar nan ban san ina gudu ba. Sai a rana ta biyu Ustaz Nuhu ya tare ni ya ce bai ga na yi gaisuwa ba. Na cire takalmi na durƙusa. Da na buɗe baki in ce ya haƙuri, sai na ga kaina sarai: mutumin da ya ci tuwon Baba shekara tara, wanda yake kira ɗiyana, ya zo yi wa baƙon wata shida gaisuwar Baba, don kawai ranar da aka nemi suna a asibiti ya duba waya. Kuka ya ƙwace mini irin wanda ban yi ba ko a maƙabarta. Auta bai ce da godiya ba. Wannan ba ya cikin darasi, sai ya yi abin da ya ga dama, ya matsa gefe ya buga tabarma da tafin hannu. Na zauna kusa da shi har aka tashi, kuma waɗanda suka shigo bayan nan mu biyu suka yi wa gaisuwa.

Yau ɗakin abincin ya koma shagon sayar da kayan waya, tukwanen sun watsu a gidajen ɗalibai. Shekaranjiya na leƙa shafin nan na intanet, na tarar gidan ya ƙaru da mutum biyu, wata mai wasan ƙwallon hannu da wani mai girki a talabijin ɗin Faransa. Na san Baba zai ce sai yanzu gida ya fitar da mai sana'a. Sunansa ba ya ciki, ba kuma zai shiga ba. Auta ya koma ƙasarsu a ranar da ya faɗa. Bara mahaifiyarsa ta rasu, ya rubuto mini cewa mutane sun aiko da katuna da furanni, shi kuma ya shimfiɗa bargo a tsakiyar falo ya zauna kwana uku. Maƙwabta biyu suka leƙo, ɗaya ta ba shi lambar mai gyaran ciwon baya.

Idan aka ce in auna abin da ya rage na Baba Isuhu, ba zan ce girki ba, don duk wanda ya gwada naman zoɓon nan a cikinmu ɓata nama ya yi. Abin da ya rage yana wajen aikina. Mutanenmu na zuwa Alƙahira neman lafiya, wasu ba sa komawa, wani ɗan rakiyarsa ma ya riga ya juya gida saboda biza ta ƙare. A da idan haka ta faru mukan yi sallah mu binne mu watse. Yanzu muna hawa rufin bene mu shimfiɗa tabarma, wani a cikinmu ya zauna. Sau huɗu ke nan ina zama wa mutanen da ban san su ba sai a gadon asibiti, na ƙarshensu wani tsohon direban tirela ne daga Gusau, wanda kwana goma sha ɗaya kawai na yi ina fassara masa maganar likita. Ranar da aka kwantar da shi, ma'aikaciyar ta zo kan layin dangi mafi kusa, ta ɗago ta tambaye ni ko ɗan'uwana ne. Na ce mata eh, na karɓi biron.